Yaushe Ne Mutum Zai Yabi Kansa?

Duk wanda ya taɓa buɗe tsofaffin littattafan malaman Daular Sakkwato, ko a ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato ko a Arewa House da ke Kaduna, zai lura da yadda marubutan suke gabatar da kansu. Bayan bisimilla da salati, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yakan kira kansa bawa mabuƙaci ga rahamar Ubangijinsa, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da na kakansa, shi ke nan ya shiga abin da ya kawo shi. Wannan fa shi ne mutumin da jama'a suka yi wa mubaya'a a Gudu a 1804, wanda sarakunan ƙasar Hausa suka rasa yadda za su yi da shi.

A ɗauki katin ɗaurin aure ko takardar gayyatar ƙaddamar da littafi na yau a ajiye kusa da wancan. Kafin a kai ga sunan babban baƙo sai an bi ta kan Mai Girma, Alhaji, Dakta, Injiniya, wani lokacin har da Ambasada, ko da kuwa bai taɓa wakiltar ƙasa a ko'ina ba. Bayan sunan kuma ga jerin haruffan lambobin girmamawa, ga sarautar gargajiya guda biyu ko uku, ga Khadimul Islam ko Garkuwan Marayu a can ƙasa. Mai gabatarwa a wurin taro idan ya tsallake guda ɗaya, yana iya ganin ɗan aike ya taso daga babban tebur da 'yar takarda a hannu.

Abu ne mai sauƙi a yi dariya a wuce. Amma tambayar da ke ƙarƙashin wannan ba ta wasa ba ce, kuma ta shafi mai neman aiki da ɗan kasuwa da malami da ɗan takara baki ɗaya: ya halatta mutum ya faɗi alherin kansa da bakinsa? Idan ya halatta, har zuwa ina?

Bahaushe ya riga ya ba da amsa a taƙaice, ya ce yabon kai jahilci. Yaro tun yana ƙarami ake koya masa cewa idan aka yabe shi ya sunkuyar da kai, idan aka tambaye shi abin da ya iya ya ce ana dai taɓawa. Da Anthony Kirk-Greene ya tattara halayen da Hausawa ke auna mutumin kirki da su, a wani aikinsa da aka buga a 1974, kunya da ladabi suna cikin jerin, tare da gaskiya da amana da haƙuri. Babu wurin mai cika baki a ciki.

Sai dai al'ummar da ta faɗi wannan karin magana ita ce kuma ta ƙirƙiri kirari. A je filin dambe da yamma bayan an gama girbi. Makaɗi ya ɗauko taken wani ɗan wasa da kalangu, sai ka ga mutumin ya zabura daga cikin taro jikinsa na tsuma, ya ɗaga hannun da aka naɗe da zare sama, ya shiga lissafa garuruwan da ya yi kisa da mazajen da ya kayar, yana kiran kansa da sunayen namun daji da na annoba. Ba wanda ke cewa ya yi rashin kunya, kuɗi ma ake liƙa masa. Haka 'yan tauri, haka mafarauta, haka 'yan kokawa a gasar Takobi ta Nijar, wadda aka soma a Tawa a 1975, inda ɗan kokawa ke yi wa kansa kirari a gaban dubban mutane da manyan gwamnati. Mawaƙa ma suna da nasu: Mamman Shata yana da Bakandamiya, Narambaɗa yana da tasa, kuma a cikinsu kowanne yana wasa kansa ne da fasaharsa.

Me ya sa aka yafe wa ɗan dambe abin da ba a yafe wa malamin makaranta ba? Dalili ɗaya a fili yake. Tsakanin kirarinsa da jarrabawarsa babu minti goma. Yana rufe baki abokin karawarsa na tsaye, kuma idan ƙarya ya yi, ƙasa za ta shaida a gaban kowa. Mawaƙin da ya ce babu kamarsa, waƙar da yake faɗar haka a cikinta ita ce hujjarsa ko abin kunyarsa.

Sarki kuwa ba ya yi wa kansa kirari. Yana zaune shiru da amawali a baki, sanƙira da maroƙa da masu kakaki suna faɗar asalinsa da nasarorin kakanninsa. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya buga nazari a kan roƙo a 1957, ya nuna yadda wannan sana'a ke bayyana matsayin kowa a cikin al'umma, da yadda maroƙi ke iya juya yabo ya koma zambo idan hannun ubangida ya ƙi buɗewa. Ashe al'ada ba yabon ta ƙi ba, bakin da zai fito ne ta tsara. Babban mutum ya kame bakinsa, ya biya wani ya faɗa.

A nan ne addini ya shigo, kuma bai tsaya inda al'ada ta tsaya ba. Alƙur'ani a Suratun Najmi, aya ta 32, ya hana mutane tsarkake kawunansu, da dalilin cewa Allah ne ya fi sanin wanda ya yi taƙawa, kuma a Suratun Nisa'i, aya ta 49, ya zargi masu wannan hali. Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam ya kai abin har ga sunaye: wata yarinya, 'yar Ummu Salama, sunanta Barra, wato mai yawan ɗa'a, sai ya mayar da shi Zainab saboda sunan da kansa shaidar tsarki ne. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira game da mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar alƙiyama, wanda ya mutu a fagen fama da malami da mai kyauta, ya nuna cewa abin da ya halaka su shi ne sun yi aikin ne don a faɗa, kuma an faɗa.

Dabarar ɗaukar maroƙi ma ba ta tsira ba. Muslim ya ruwaito cewa wani mutum ya tashi yana zuba wa wani shugaba yabo, sai sahabi Miƙdad ya shiga ɗibar ƙasa yana watsa masa a fuska, ya ce haka aka umarce su su yi wa masu wannan sana'a. Wanda ya ce shi ba ya yabon kansa alhali yana ciyar da masu yi masa, bai kauce wa matsalar ba.

Da nassoshin nan kaɗai ake da su, da magana ta ƙare. Amma a cikin Alƙur'anin nan dai, a Suratu Yusuf aya ta 55, Annabi Yusuf Alaihis Salam ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan rumbunan ƙasa, ya kuma faɗi dalili da bakinsa: shi mai tsare amana ne, kuma ya san aikin. Ba a roƙe shi wannan muƙami takamaimai ba, shi ya ambata. Shekaru bakwai na fari suna tafe, kuma ya san idan aka ba wanda bai iya ba, mutane za su mutu da yunwa. Ayar ƙarshe ta Suratud Duha kuma umarni ce da a bayar da labarin ni'imar Ubangiji.

Sahabbai ma sun yi. Lokacin da 'yan tawaye suka kewaye gidan Halifa Usmanu ɗan Affan a shekara ta 35 bayan Hijira, ya leƙo ya tuna musu cewa shi ya samar wa Musulmi rijiyar Ruma, shi ya shirya rundunar Tabuka da dukiyarsa a lokacin ƙunci, ya nemi sahabban da ke wurin su shaida, suka kuwa gaskata shi. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, da mutanen Kufa suka kai ƙararsa wurin Umar har suna cewa bai iya salla ba, ya tuna musu cewa shi ne Balaraben farko da ya harba kibiya don ɗaukaka addini, kuma sun yi yaƙi tare da Annabi a lokacin da ganyen itace ne abincinsu. Abdullahi ɗan Mas'ud ya ce babu wata sura da bai san inda ta sauka ba, ya ƙara da cewa da ya san wanda ya fi shi sanin Alƙur'ani a inda raƙumi zai iya kai shi, da ya tafi wurinsa.

Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya ware wa mas'alar babi guda a littafinsa Al-Azkar, ya raba ta biyu. Abin zargi shi ne mutum ya ambaci alherinsa don alfahari da nuna ya fi tsararrakinsa. Abin so kuwa shi ne ya ambata saboda wata maslaha, kamar malami ko mai nasiha ko mai sulhu da ke son a karɓi maganarsa a dogara da ita. Wannan rabo daidai ne, amma ya jingina komai ga niyya, ita kuwa niyya ba mai ganinta sai Mai ita. Wanda ke sauraro yana buƙatar ma'aunin da zai iya riƙewa da hannunsa.

Ma'aunin yana cikin misalan da kansu, idan aka dube su da kyau. Abin da ayoyin suka hana shi ne da'awar tsarkin zuciya, wadda ba wani ɗan Adam da zai iya tabbatarwa ko ƙaryatawa. Abin da Yusuf da Usmanu da Ibn Mas'ud suka faɗa kuwa abubuwa ne da ake iya bincikawa: rumbu zai cika ko ba zai cika ba, rijiya tana nan ana sha, masu shaida suna raye, mai shakkar ilimin Ibn Mas'ud yana iya zuwa ya tambaye shi. Kowannensu kuma akwai buƙatar da ta sa shi magana, ko ceton jama'a ko kare kai daga ƙazafi. Ta wannan fuska ɗan damben can ya fi kusa da ƙa'ida fiye da mai katin gayyata, domin shi ƙarfi ya yi iƙirari, kuma yanzu za a gani.

Mu kuwa kamar mun juya abin. Kafinta ko ungozoma ko akawu suna jin nauyin cewa sun ƙware, alhali wannan ne aka halatta. Amma laƙabin hidimar addini da tsoron Allah ana buga shi a kalanda da jikin mota ba tare da ko ɗar ba.

Babu wanda ya gwada iyakar wannan izini kamar Jalaluddin Suyuɗi, malamin Alƙahira da aka haifa a 1445 ya rasu a 1505. Hausawa sun san shi ko da ba su san sun san shi ba, domin Tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatai da ƙofar fada duk watan azumi shi ne ya kammala shi bayan rasuwar Jalaluddin Mahalli da ya fara shi, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, a cikin kwana arba'in kamar yadda ya faɗa. Ya kuma aika wasiƙar nasiha ga sarakunan wannan yanki, ciki har da Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas.

Suyuɗi bai san wani abu wai shi noƙe-noƙe ba. Ya rubuta littafi sukutum a kan rayuwarsa, ya sa masa sunan da ya ɗauko daga ma'anar ayar nan ta Suratud Duha. Ya ce an ba shi zurfi a fannoni bakwai, ya lissafa su: tafsiri, hadisi, fiƙihu, nahawu da rassa uku na balaga. Ya ce in ban da fiƙihu, inda ya kai a cikinsu babu wani malaminsa da ya kai. Ya yi da'awar ijtihadi, ya kuma bayyana fatansa na zama mujaddadin ƙarni na tara. Abin da ya rage masa ɗaci wurin mai karatu shi ne a wuri guda ya amsa cewa lissafi ya gagare shi, har ya kwatanta duba mas'alarsa da ɗaukar dutse.

Malaman zamaninsa ba su ƙyale shi ba. Sakhawi, babban masanin hadisi da tarihi, ya zarge shi da kwasar tsofaffin littattafai daga ɗakin karatu na Mahmudiyya yana ɗan sauya su yana sa sunansa. Suyuɗi ya mayar da martani da wata risala mai zafi, rigimar ta ci gaba har ya janye daga jama'a ya koma tsibirin Rauda a kogin Nilu. Shekaru ɗari biyar bayan haka, littattafansa irin su Al-Itƙan da Jalalaini da Jami'us Sagir suna hannun ɗalibai daga Kano har Jakarta. Yawancin abin da ya faɗa game da kansa ya tabbata. Amma ya biya farashinsa da zaman lafiyarsa, kuma har yau mai karanta tarihinsa yakan ɗan yamutsa fuska. Gaskiyar magana ba ta hana ta yi wa kunne nauyi.

Malaman Sakkwato, waɗanda suka karanta Suyuɗi ƙwarai, sun bi wata hanya. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta gaban kowanne. Wannan ma gabatar da kai ne, har ya yi kama da takardar da mai neman aiki ke miƙawa a yau. Bambancin shi ne girman ya tafi ga malaman, mai karatu kuma ya sami hanyar da zai bi ya tabbatar. Ijaza da isnadi duk aikinsu ke nan.

Ba Musulmi kaɗai abin ya dama ba. Littafin Karin Magana na Baibul, sura 27, ya shawarci mutum ya bar wani ya yabe shi, ba bakinsa ba, amma Manzo Bulus a wasiƙarsa ta biyu ga Korintiyawa ya jera bulalar da ya sha da ɗaurin da aka yi masa da haɗarin jirgin ruwa da ya tsallake, yana ta nanata cewa wauta ce yake yi, abokan hamayya ne suka tilasta masa. Marubucin Girka Fulutak, kusan shekara 1,900 da suka wuce, ya yi maƙala guda a kan yadda mutum zai yabi kansa ba tare da ya ɓata wa mutane rai ba, ya yarda da shi ga wanda ake tuhuma ko aka zalunta, ya ba da shawarar a haɗa da ambaton wata kasawa. Kafinsa Aristo ya sa mai gaskiya a tsakanin mutum biyu, mai ƙara wa kansa da mai rage wa kansa, ya kuma lura cewa wani ƙanƙan da kan shi ma alfahari ne da ya sauya riga.

Masu binciken halayyar ɗan Adam sun ƙara wani abu da tsofaffi suka sani ba tare da awo ba. A 2015 Irene Scopelliti da George Loewenstein da Joachim Vosgerau sun buga sakamakon gwaje-gwajen da suka nuna cewa mai ba da labarin nasararsa yakan zaci masu sauraro suna taya shi murna fiye da yadda suke yi, ya kuma raina yawan haushin da suke ji. Da aka ce wa wasu su bayyana kansu a rubuce ta yadda za a so su, sai suka ƙara yabon kai, masu karantawa kuma suka rage son su.

A kasuwa ba a iya yin shiru. Mai kaya dole ya yi talla, kuma shari'a ba ta hana shi cewa shaddarsa mai kyau ce ba. Abin da ta hana sananne ne: rantsuwar da ke sayar da kaya ta tafi da albarka, da ɓoye aibi, kamar mai hatsin nan da Annabi ya cusa hannu cikin tarinsa ya ji danshi a ƙasa. Ta kuma hana najashi, wato a sa wani ya riƙa taya kaya da tsada alhali ba saye zai yi ba. Wanda ya taɓa tsayawa wurin mai maganin gargajiya a tasha ya ga ɗan'uwan wannan. Lasifika na kan mota, kwalba ɗaya tana maganin basir da shawara da ciwon sukari da sanyin ƙashi, can sai wani ya kutso daga cikin taro yana rantsuwa cewa shekararsa bakwai yana fama, wannan magani ne ya tashe shi, ya sayi kwalba uku. Gobe a wata tashar za ka sake ganinsa da ciwon nan dai.

Wasu sana'o'in sun sa wa kansu linzami tun da daɗewa, saboda wanda ya zo wurin likita ko lauya ba shi da yadda zai auna abin da aka gaya masa. A Amurka an daɗe ana hana lauyoyi talla, har sai da wasu matasan lauyoyi biyu a jihar Arizona suka buga farashin ayyukansu a jarida, Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a 1977. A Nijeriya dokokin aikin lauya na 2007, a lokacin da ake aiki da su, sun bar lauya ya sanar da kansa, amma sun hana shi kwatanta kansa da sauran lauyoyi ko faɗar yawan shari'un da yake ci.

Inda abin ya fi cakuɗewa shi ne siyasa. Annabi ya gargaɗi Abdurrahman ɗan Samura kada ya nemi shugabanci, domin wanda ya nema akan bar shi da shi, wanda aka ba ba tare da nema ba kuwa akan taimake shi. Da Abu Zarri ya nemi a ba shi wani muƙami, aka gaya masa a fili cewa shi mai rauni ne, abin kuma amana ce. To ga tsarin zaɓe, wanda ba ya tafiya sai mutum ya sayi fam, ya manna hotonsa a bango, ya hau mumbari ya ce ya fi abokin takararsa. A Pakistan, jam'iyyar Abul A'ala Maududi ta gwada kauce wa wannan a zaɓen lardin Punjab na 1951, ta ce ba wanda zai tsayar da kansa, jama'a ne za su zaɓo mutanen kirki a tsayar da su. Ba ta kai labari ba a zaɓen, daga baya ta koma yin takara kamar kowa.

'Yan siyasarmu sun samo tasu mafitar, wadda ba ta da nisa da ta sarki da sanƙira. Ba wanda ke son mulki, kowa jama'a ce ta matsa masa. Akwai waɗanda abin ya zama gaskiya a kansu: sanannen abu ne cewa Alhaji Shehu Shagari kujerar majalisar dattawa yake so kafin a tsayar da shi takarar shugaban ƙasa a zaɓen 1979. Amma salon ya zama wasan kwaikwayo. A 2022, da jam'iyyar APC ta sa fam ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, sai ga ƙungiyoyin magoya baya suna fitowa ɗaya bayan ɗaya suna cewa su suka yi karo-karo suka saya wa gwaninsu. Har tsohon shugaban ƙasa Goodluck Jonathan aka saya wa, ofishinsa ya fito ya ce ba da yawunsa ba. A gidajen rediyon Kano kuwa sojojin baka ne ke ɗauke wa ɗan takara nauyin yabon kansa, a biya kuɗin fili, su wasa shi su zage abokin hamayya.

Idan za a yi adalci, ɗan takarar da ya tsaya ya ce ga rijiyoyin da ya haƙa, ga azuzuwan da ya gina, a je a ƙirga, ya fi kusa da sunnar Yusuf da Usmanu a kan wanda ya lulluɓe kwaɗayinsa da cewa an tilasta masa. Malamai da dama sun daidaita hadisin Ibn Samura da ayar Yusuf a kan haka: wanda ya san ya iya, ya kuma ga idan ya yi shiru abin zai faɗa hannun wanda zai ɓata, neman ya halatta gare shi, wani lokacin ma ya wajaba. Matsalar dai ita ce kowane ɗan takara yana ganin shi ne Yusuf, ba mai ganin kansa Abu Zarri.

Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba, ta wanda kunya ta rufe wa baki. Yarinya ta fito da sakamako mafi kyau a ajinsu, ta zauna gaban masu tantance ma'aikata, aka ce ta faɗi abin da ta iya, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Aikin ya tafi ga wanda bai kai ta ba amma ya iya zuba. Marasa lafiya ko ɗaliban da za su amfana da ita su ne suka yi hasara. An ruwaito daga Fudailu ɗan Iyad, wanda ya rasu a Makka a 803, cewa barin aiki saboda mutane shi ma riya ce, kuma Gazali ya yi dogon bayani a Ihya a kan yadda Shaiɗan ke hana mutum alheri da sunan tsoron a ce yana nuna kai.

Laƙabi kuwa asalinsa labari ne mai amfani. A zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur, ana shekaru a hanya, wasu ma su zauna a Sudan har abada, wanda ya dawo aka kira shi Alhaji an faɗi wani abu game da abin da ya gani da abin da ya jure. Dakta a gaban sunan likita yana gaya wa majiyyaci inda zai kai kansa. Ɓarnar tana farawa ne idan laƙabin ya daina nuna komai. Digirin girmamawa ya yi arha a Nijeriya har shugabannin jami'o'i suka taru a Keffi a 2012 suka amince da ƙa'idojin taƙaita shi, ciki har da daina ba masu riƙe da muƙaman gwamnati. Hadisin Asma'u 'yar Abubakar, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya kwatanta mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya.

Magabata ba su ɗauki ko taƙawa ta gaske a matsayin shaidar ƙwarewa ba, balle ta kan kati. An ruwaito cewa wani ya zo gaban Umar ɗan Haɗɗabi zai shaidi wani mutum, Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Duk ya ce a'a, sai Umar ya ce masa bai san shi ba, ya je ya kawo wanda ya san shi. Imam Malik, wanda mazhabarsa ake bi a ƙasar Hausa, ya ce ya riski mutum saba'in a masallacin Madina suna ruwaito hadisi, kowannensu da za a ba shi amanar baitulmali zai riƙe, amma bai karɓi komai daga gare su ba, saboda ba fanninsu ba ne. Da Ibn Shihab Zuhri ya iso garin kuwa, cunkoso aka riƙa yi a ƙofarsa.